Lasifikar da Na Zaɓa

Abin nan ya faru damina biyu bayan shekarar da aka hana zuwa Hajji aka ce kowa ya ɗaure baki da ƙyalle, kuma kafin wahalar sababbin kuɗi, lokacin da muka koma ba da kifi a ba mu gero. A shekarar ruwa ya cinye shinkafar mutanen Shanga tana tsaye, a shekarar kuma haƙorina na gaba ya faɗi. Ni ban san lissafin boko ba, ban taɓa zama a aji ba, hannun da ya rubuta wannan aronsa na yi. Amma maganar tawa ce, kuma duk gaɓar nan, daga Wara har Yelwa, ba a haifi wanda zai gyara mini zance ba.

Ƙauyenmu yana bakin tabki, tafiyar sa'a guda da 'yan kai a jirgin inji daga Wara. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa. Ina yarinya, ban isa ɗaura zane a ƙirji ba, aka tashe mu saboda dam. Aka kwashe mutane da awaki da turame, aka bar itatuwa. Tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, duk suka mutu a tsaye, kuma har gobe suna nan a tsaye. Da rani za ka ga kawunansu baƙi ƙirin sun leƙo. In ruwa ya ciko ya rufe su da kamu ɗaya, to nan ne mugun abu, don ido bai ganin su, cikin jirgi kuwa yana samun su.

Hanya ɗaya ce babu kututture a cikinta, tsohuwar hanyar kasuwa da jakuna ke bi da can. Ta miƙe sak daga inda kwatarmu take yanzu, wato inda jirage ke tsayawa, har cikin zurfi. In gari ya yi haske, matuƙi yakan saita hancin jirgi da wata giginya da ke bayan kwata ya shigo. In hadari ya sauko ya haɗe sama da ruwa, babu giginya, babu gari, babu komai. Da can mata ke fitowa su buga tasa su rangaɗa guɗa, matuƙi ya bi ƙara. Daga baya aka samo lasifika irin ta ƙarfe mai baki kamar na algaita, aka ɗaure ta a kan falwaya tana kallon ruwa. Sai ya zama al'ada: in hadari ya tare jirgin kasuwa a hanya, wani ya kama abin magana ya yi ta yi, kada ya tsaya, har jirgi ya taɓa ƙasa.

Maza suka gwada. Namiji in ya ce "ku taho, ku taho" sau goma sai ya fara tari yana neman wanda zai karɓe shi. Ni kuwa ban taɓa ƙarewa ba. Ba tatsuniya nake yi ba, tatsuniya da rana ba kyau. Labari nake bayarwa: wa ya auri wa a tsohon gari, wa ya gudu da tunkiyar wa, yadda dorina ta kori wani mai fahariya har ya bar wandonsa. Wani malami ya taɓa gunaguni a kan muryar mace, sarkin ruwa ya ce masa in zai iya magana sa'a biyu ba hutu ga abin magana nan. Bai sake ba. Fiye da shekara ashirin ni ke shigo da jirgin nan.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Lasifikar nan ta tsani muryata. Abin da ke fitowa daga bakinta ba ni ba ce, wata akuya ce da aka taka wa wutsiya. Yara na toshe hanci suna kwaikwayona a bayan gida. Ina dariya tare da su, amma Allah ya san abin da ke cikina.

Matuƙin jirgin taubashina ne, ɗan ƙanwar babanmu. Tun muna tsirara muke tsokanar juna. Ina kiransa bawana, shi kuma yana kirana rediyo mai jini. Yana da in'ina, magana takan maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi, ga shi ƙarar inji ta cinye masa rabin ji. Amma ruwan nan ya san shi kamar cikin aljihunsa.

Da ranin shekarar ɗan ƙanena ya zo gida. Babban mutum ne, da mata da 'ya'ya, a birni yake aikin haɗa lasifika a masallatai da coci-coci da ɗakunan biki. Ya ji ana kiran wani taro da tsohuwar ƙarfen nan, ya riƙe kai.

"Gwaggo, da wannan kike magana shekara da shekaru? Wallahi an zalunce ki."

Bayan sati biyu sai ga shi da wata sabuwa, baƙin akwati mai kyau wanda ruwan sama bai yi masa komai, kyauta ga gari. Ya ce ba zai ɗora ta haka kawai ba, sai ya auna su biyun a gaban kowa, don kada a ce son kai ne.

Aka taru a kwata da hantsi, iska ko ganye ba ta motsawa. Ya kafa wani siririn abin ɗaukar magana kamar asawaki a kan ƙarfe mai ƙafa uku, taku goma daga falwaya, ya buɗe kwamfuta. Ya saki wata ƙara da ta faro daga gurnani can ƙasa, ta yi ta hawa har ta koma kukan sauro ta ɓace. Karnuka suka watse. A fuskar kwamfuta wani zare ya zana kansa. Na tsohuwar ya yi tozo a tsakiya kamar na bijimi, gaba da baya ya zube. Na sabuwar ya kwanta lafiya lau kamar tabarma.

"Kun gani," in ji shi. "Waccan tana zubar da kaurin murya, ta ɗauki tsinin kaɗai ta ƙara masa gishiri. Wannan kuwa abin da aka ba ta shi take bayarwa."

Sai ya ɗauki asawakin nasa ya matsa taku goma hagu, ya sake. Ya koma dama, ya sake. Zaren tsohuwar da ya kauce daga gabanta sai ya faɗi warwas. Na sabuwar ko gezau.

"Tsohuwar mutum ɗaya take yi wa magana, wanda ke tsaye a saitin bakinta. Sabuwar kowa nata ne, duk inda ka tsaya ɗaya ne. Amma awo awo ne, abin da ke fita daga akwati kawai yake faɗa. Abin da kunne ke so sai mai kunne. Gwaggo, bismillah."

Na karɓi abin magana na yi sallama.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Muryar da nake ji a cikin kaina tun ina budurwa, wadda ban taɓa jin ta a waje ba, ita ce ta fito ta cika kwata. Mai kauri, mai sanyi, da ɗan amon nan na ƙasa da marigayi mijina yake cewa shi ya jawo shi ƙofar gidanmu. Mata suka saki guɗa. Wata ta ce, "Ashe haka kike, Inna!" Na ji idona ya ciko, na yi kamar ƙwaro ne ya faɗa.

Sai bawana ya matso, yana murza hularsa.

"Ni dai wa-waccan nika so."

Aka bushe da dariya. Bai kula ba, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da ita. Ya ce cikin ƙarar inji da ta ruwan sama, shi ba ya jin kalma ko ɗaya da nake faɗa, bai taɓa ji ba. Abin da yake ji wani tsini ne.

"In ina bisa hanya, muryarki na su-sukan kunnena kamar ƙaya. In na kauce, ƙayar ta ɓace, sai in ko-komo inda take. Wagga ta cika ko'ina. Ina zan san ina nike?"

Ina so a rubuta wannan yadda na faɗe shi: na gane abin da yake nufi. Tun kafin ya rufe baki na gane. Ni na san tsohuwar hanyar da ƙafata, na san bakin ƙarfen nan saitinta yake kallo. Ba rashin fahimta ba ne.

Amma ya ce ƙaya. A gaban mutane ya ce shekara ashirin bai ji kalma ɗaya daga labaraina ba.

Ɗan ƙanena ya dubi kwamfutarsa, ya dubi ruwa. Ya ce, "Baba, gaskiya wannan ban auna ba. A tudu na yi awona." Ya ce injin da ke ba su wuta ba zai ɗauki biyun tare ba, sai dai in ya koma ya zo da wani kafin damina. Kafin nan a zaɓi ɗaya. Sarkin ruwa ya ce abin ba na gardama ba ne, mai magana a ciki ita za ta zaɓa.

Na juya na dubi bawana sama da ƙasa.

"Jama'a, ku ji mini ikon Allah. Kunnen da inji ya tauna shekara talatin ya tofar, shi zai zaɓa mana murya! Bawana, kai da kafin ka gama sallama an idar da sallah, kai ne alƙalin magana? In ƙaya kake so, ga sarƙaƙiya can bayan gari, je ka kwanta a kai. Kai da kake cika baki ko ido rufe za ka shigo da jirgi?"

Har sarkin ruwa sai da ya riƙe ciki. Bawana ya buɗe baki, maganar ta maƙale, ya yi ta "a-a-a", aka ƙara fashewa. Ya mayar da hularsa ya gangara wajen jirginsa. Wasa ne, tsakanin taubasai babu fushi, kowa ya san haka. Da wannan na rufe bakin zuciyata.

Aka sauke tsohuwar a ranar. Ta yi kwana uku a zauren sarkin ruwa, wani mai tallan maganin basir ya zo wucewa ya roƙa, aka ba shi, ya ɗaura a kan motarsa ya yi gaba.

Ranin nan na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk biki sai an jawo waya an ce in yi magana. Har daga tsallake ake zuwa ji. Amma na lura da wasu abubuwa. Na ga bawana ya sari gora ya bi tsohuwar hanya yana kafawa ɗaya bayan ɗaya. Iskar farkon damina ta kwantar da rabi, masu taru suka tuge saura don suna kama musu raga. Na ga ya daina ɗaukar buhun ƙarshe in an roƙe shi. Ranar kasuwa tun azahar yake fara korar mutane su shiga jirgi, ana zaginsa. Ɗan ƙanena ya bugo waya ya ce aiki ya riƙe shi, sai bayan sallah. Bayan sallah ya ce sai wata mai zuwa.

Ran nan da rana ina tsince wake a tsakar gida, sai ga bawana ya yi sallama. Ya zauna a kan turmi.

"Rediyo, in kinka ce a ne-nemo irin waccan, za a nemo. Ni in na faɗi, dariya a kai."

Kalma ɗaya ce a bakina. Akwai irinta a kasuwar Yelwa, kowa ya sani. Amma sai in tsaya gaban mutanen da suka yi mini guɗa in ce a mayar da ni akuya, in ce mai in'ina ya fi ni gaskiya. Na ce masa, "Tsoro ne ya kama ka, tsoho? In ka gaji ka ba yara jirgin." Na ɗebo masa wake a ƙwarya na ce ya kai wa matarsa. Ya karɓa ya tafi.

Ruwa ya fara cikowa. Kullum in na je kwata sai in ga kawunan kututture sun ragu. Ran nan na duba babu ko ɗaya, tabki ya kwanta sumul kamar ba abin da ke cikinsa.

Ranar kasuwar Wara ce. 'Yata ta fari tana cikin jirgin, ta kai bandar kifi. Tun hantsi zafi ya yi nauyi, kaji suka buɗe baki. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, irin baƙin da ke da kore a cikinsa. Iska ta ɗauke cak. Sai ta dawo gaba ɗaya, da ruwa a bayanta kamar bango. Kafin a aiko ni na riga na kai rumfar kwata.

Na kama abin magana na fara. Na ɗauko labarin auren kakata. Muryata ta tashi, mai kyau, ta bazu hagu da dama, tana dawo mini daga bangon gidaje, daga bayan rumfa, daga ko'ina. Ban taɓa jin abin da ya ba ni tsoro kamar daɗin nan ba. Gabana fari fat, ko jiragen da ke ɗaure taku biyar daga ni ba na gani.

Na gama auren kakata, na shiga na ƙanwarta. Mutane suka cika rumfa. Can sai wani masunci ya ɗaga hannu. Ƙarar inji, tana zuwa tana ɓacewa cikin iska.

Na kasa kunne ina magana. Daga hagu take. Ba daga gaba ba, daga hagu, inda unguwar maƙera take a tsohon gari, inda tsamiyoyi bakwai suke a jere. A ƙarƙashinsu na yi wasan 'yar tsana.

Na watsar da labari. "Bawana, ka kauce! Yi dama! Kana kan tsamiya, yi dama!" Na faɗa sau nawa, ban sani ba. Na matse murya na mayar da ita tsini da gangan, na yi kukan akuyar nan da yara ke kwaikwayo, akwatin ya karɓa ya baza shi ko'ina daidai wa daida. Injin ya rage gudu. Ya ƙara. Ya sake ragewa, kamar mai lalube a ɗakin da ba nasa ba. Yana jina, na san yana jina. Ta kowane gefe yake jina.

Sai injin ya yi wata ƙara sama, ya mutu.

Maza suka faɗa cikin ƙananan kwale-kwale. Sarkin ruwa ya juyo ya ce mini, "Kada ki tsaya." Ban tsaya ba. Abin da na faɗa a wannan lokaci ban san shi ba, an ce sunayen unguwannin tsohon gari na yi ta jerawa.

Kututturen ya tsaga jirgin daga ƙasa, amma ya riƙe shi, bai bar shi ya nutse gaba ɗaya ba. Mutanenmu 'ya'yan ruwa ne, wasu suka kama rassan da ke ƙarƙashin ƙafarsu, wasu suka rungumi jarka. Aka yi ta kwaso su. 'Yata ta fito a kwale-kwale na uku, ba ɗankwali, ta zube a ƙafata tana amai. Bawana shi ne na ƙarshe, sai da aka ɓamɓare hannunsa daga jikin jirgin.

Aka ƙirga, mutum ɗaya babu. Wata Bakambara ce daga ƙauyukan tudu, mai sayar da man kaɗe, ta biyo jirginmu don ta gaida 'yarta da ke aure kusa da mu. Ba ta iya ruwa ba. Sai bayan kwana biyu aka same ta.

Ba wanda ya ce mini komai. Aka ce ƙaddara, aka ce hadarin ya yi ƙarfi, aka ce ko da tsohuwar lasifika wa ya sani. Gaskiya ne, wa ya sani. Ni ma na faɗi haka.

Ɗan ƙanena ya iso a satin, da sabuwar ƙarfe mai bakin algaita a bayan mota. Ya shiga kwale-kwale da kwamfutarsa a cikin leda, bawana na tuƙa shi, suka yini suna shiga hanya suna fita, yana awo. Da ya dawo ya nuna wa sarkin ruwa zaren: a kan hanya ya tashi, a gefe ya faɗi. Abin da aka faɗa mana da baki tun rani, ga shi a zane. Ya zauna a bakin ruwa ya rufe fuska da hannu. Na ce masa ya tashi, ba shi ya zaɓa ba. Bawana da kansa ya hau falwaya ya ɗaure ta, ya sauko ya hau ya gyara saiti har sau huɗu.

Da ya sauko na ƙarshe na tare shi. Na ce, "Bawana, ashe har yanzu kana iya hawa, na ɗauka sai an tura ka." Ya cire hula, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ina wuni, Hajiya. Ya gida?" Ko in'ina bai yi ba. Daga ranar haka yake gaishe ni.

Har yanzu ni ke magana in hadari ya taso, da muryar akuya. Baƙin akwatin yana nan, a biki ake amfani da shi, ni dai ban ƙara sa bakina a ciki ba.

Sarkin ruwa na lokacin ya rasu bara waccan, ɗansa ke kai. Masuncin da ya fara jin injin shi ma ya tafi, ciwon ciki. Ɗan ƙanena yana nan a birni, yakan aiko mini da atamfa. 'Yata tana nan, ta mota take zagayawa kasuwa yanzu, ko da za ta kai azahar a hanya. Taubashina yana raye, ido ya fara yi masa hazo, ƙaninsa ke riƙe da inji shi yana zaune a gaba yana saurare. 'Yar Bakambarar nan da ruwa ya ci tana nan, ta haifi mace ta sa mata sunan uwar. Mijin marigayiyar ma yana raye, dogon tsoho mai sanda. Duk shekara in ruwa ya ciko yakan zo ganin jikarsa, ya ratso ta kwata, ya tsaya a gindin falwaya ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Sannan ya gaishe ni da Hausarsa mai nauyi ya wuce. Ban san abin da aka faɗa masa ba, kuma ban tambaya ba.